Gwaggo, Wadda Ta Gane Ba Kunya Ba Ce

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, a ɗakinta na Danwarai, bayan jinyar kwana tara. Nasa muke, kuma inda ta je can za mu same ta. Na rubuta wannan ne don kada a riƙa tunawa da ita a matsayin tsohuwa mai faɗa kawai, ko da yake faɗan ma ta yi shi, kuma ta iya.

Kafin azahar gida ya cika. Wani dattijo cikin masu sayen albasa ya tsaya a zaure yana cewa yau an huta da zagi, sai muryarsa ta karye bai ƙarasa ba. Wata maƙwabciya tana share hawaye tana dariya, wai makon jiya ma Gwaggo ta kore ta daga bakin gado, ta ce ta je ta sake kallabi, wannan ya yi kama da tsumman goge tukunya. Baba kuwa, da furfurarsa da komai, ya zauna a gindin rumbu ya rufe fuska da hula. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, don haka ranar nan ya zama maraya karo na biyu.

Ni na iso daga Jega da 'yata 'yar wata biyar a baya. Ban yi kuka ba, kuma ba wanda ya kula da hakan. Abin da mata suka kula da shi daban ne. Na kwance goyo na ba yarinyar nono, fuskata na kallon bango, sai na ji wata tsohuwa ta taɓa ta kusa da ita.

"Ku diba jinin Hillani. Ko kallon ɗiyar ba ta yi."

"Kunyar uwatta tad ɗauko, ba ta bar komi ba. Allah shi yi albarka."

Aka amsa da amin. Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin yabo. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya mayar musu da wannan yabon a fuska, ita kuwa an riga an fita da ita a makara.

Gwaggo gajera ce, mai ƙaton murya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, ta kama sashe ɗaya ta kafa mulki. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, idan kuma an kwaso albasa daga fadama ita ke zama ta tsince ta kafin a ajiye. Ba ta yarda da kyan ɓawo ba. Sai ta danna wuyan albasa da babban yatsa, ta jefa wannan dama, ta jefa waccan hagu, ko da mai gonar yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Haka take yi wa mutane. Idan ka gaishe ta ka ce lafiya lau, sai ta kamo haɓarka da hannun nan nata mai ƙanshin tunkuza, ta ɗago fuskarka.

"Lahiya lau ɗin baki ba ta ishe ni ba. Kawo idon in gani."

Ta yi wa yara, ta yi wa amare, har wani jami'in rigakafi ta taɓa yi wa, ya tsaya ƙiƙam da akwatinsa a hannu.

Amma wannan idon nata ya yi shekara uku bai ga abin da ke gabansa ba. Ita da bakinta ta gaya mini, ba sau ɗaya ba.

Innata 'yar Fulanin Mungadi ce, kuma ni ce 'yarta ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da Inna ta dawo daga wankan jego da ni a baya, sai aka ga ta fi kowa iya wannan. Ba ta kallona a gaban mutane, ba ta kallona a bayan mutane. Ta daina zuwa suna da biki. Abinci sai an ce ta ci. Takan kifa turmi a ƙofar ɗakinta ta zauna, hannuwa a cinya, har inuwa ta bar wurin ba ta matsa ba. Mata suka riƙa kawo 'ya'yansu mata su ga yadda ake kunya. Wadda ta fi kowa ɗaga murya wajen yabon kuwa Gwaggo ce.

Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Gwaggo, kamar yadda aka saba, sai dai ni ba a mayar da ni ba. Taku ashirin ne tsakanin ɗakin nan da na Inna. Abin da na fara tunawa a rayuwata shi ne waɗannan takun. Idan albasar iri ta yi fure, fari dunƙulalle, nakan tsinko ɗaya in kai in ajiye kusa da ƙafarta, in koma gefe in tsaya. Jira nake ta sauko da ido. Wata rana akuya ce ke zuwa ta cinye furen, mu biyu muna nan yadda muke.

Ina da shekara uku da wani abu aka haifi ƙanina. Wata safiya Gwaggo ta fito da ƙwaryar gyaɗa ta tarar da jaririn a kan tabarma yana tsala kuka har ya shiɗe. Inna tana zaune kusa da shi, miƙa hannu kawai za ta yi, nono ya jiƙe mata gaban riga, idonta na kan katanga. Gwaggo ta ce ƙwaryar ce ta fara faɗuwa kafin ta gane abin da ta gani.

"Ta hwari munka ce kunya ta. To wanga hwa, kunyar wa taka ji?"

Ta durƙusa ta kamo haɓar Inna, abin da ba ta taɓa yi ba saboda tana ganin kada ta keta mata kunya. Ta ce ta leƙa idon ba ta sami kowa a ciki ba. Inna ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Yaya, ban jin komi. Ko shi, ko waccan. Na yi ta roƙon Allah in ji."

Daga nan faɗa ya tashi, kuma an daɗe ana ba da labarinsa a gidanmu, sai dai kowa ya ɗauka a kan wani abu ne daban. Gwaggo ta tare Baba yana shirin tafiya fadama.

"Yaya, mi tar rasa?" in ji shi. "Ga ci, ga sha, ga sutura."

"Akuyar da kad ɗaure can ma tana ci tana sha. Matarka ba ta da lahiya."

Aka aika Mungadi, kakata ta wajen uwa ta zo. Ita kuma da ta ji Gwaggo na zancen asibiti sai ta miƙe tsaye. Tana da sauran 'yan mata a gida, kuma ta san abin da kalma ɗaya za ta yi musu idan ta fita.

"Gidanmu ba a hauka," ta ce. "Kunya munka gada."

"Wa yac ce hauka? Ni cewa niy yi ba ta da lahiya."

"Duk wanda yag gan ta layin likitan ƙwaƙwalwa ba shi tambayar ki mi kic ce."

Wannan kam Gwaggo ta san gaskiya ce. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, an kira mai ruƙiyya. Gwaggo ba ta hana ba, ita ke hura garwashin ma. Wata biyu ba abin da ya sauya. Sai ranar nan aka wayi gari Gwaggo tana ɗingishi.

Ta ce ƙafarta ce, ciwon ya hana ta sakat, kuma Birnin Kebbi za ta. Mutane suka yi mamaki. A ƙasarmu ta Aliero, inda ake kawo masu karaya daga nesa don a yi musu ɗori, wa zai ɗauki ƙafa ya kai wani gari? Ta ce tata ba karaya ba ce, kuma wanda ya fi ta sanin ƙafarta ya zo ya karɓa. Ta sayi sanda. Ta ce ba za ta iya tafiya ita kaɗai ba, matar ƙaninta za ta raka ta. Wa zai hana mace raka yayar mijinta asibiti?

A can ne wata likita ta zaunar da Inna ta yi mata tambayoyi, ta ce ciwon damuwa ne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma laifinta ba ne. Aka ba ta magani, aka ce ta riƙa dawowa ana ganinta. Kusan shekara biyu Gwaggo tana ɗingishi duk ranar komawa. Wani lokaci takan manta wace ƙafa ce. Baba ya taɓa ce mata, "Yaya, wancan watan ba ta dama ba ta?" Ta ce, "Ciwon yawo shikai. Kai dai je ka ban ruwan albasarka." Ina jin ya gane. Bai sake tambaya ba, kuma tun daga ranar shi ke tsayar musu da mota a bakin titi.

Inna ta samu sauƙi a hankali. Ta fara cin abinci, ta fara kitso, wata rana aka ji dariyarta daga madafa har Gwaggo ta ajiye abin da take yi ta saurara. Ƙanina ya samu rabonsa, waɗanda suka biyo bayansa kuwa sun samu uwa cikakkiya, mai waƙa da cakulkuli. Ni kaɗai ce sauƙin bai iso gare ni ba. Ciwo ya tafi, kunyar ta gaske ta zauna a gurbinsa, kuma wannan ba likitan da zai ba da maganinta. Mace ba ta tashi rana tsaka ta rungume 'yar fari a gaban jama'a. Ina tsaye ina kallo tana yi wa ƙannena wasa, in na matso sai ta gyara zama ta ce, "Ke, miƙo mani ludayi." Ke ne sunana a bakinta har na yi aure.

Ban san abin ya yi mini wani lahani ba, don kowa yabona yake yi. Yarinya mai haƙuri, ba ta kuka, ba ta roƙo. Ina da shekara shida man ƙuli mai zafi ya fallatso mini a hannu. Na ja hannun riga na rufe, na ci gaba da murza tunkuza. Sai bayan kwana biyu Gwaggo ta ga rigar ta manne da fata. Tana jiƙa wurin da ruwan ɗumi tana ɓanɓarewa, ni kuwa ina kallon fuskarta ina cewa ta yi haƙuri.

"Haƙurin mi? Ke kiƙ ƙone, ni za ki ba haƙuri?" Ta girgiza ni. "Ki yi kuka! Don Allah ki yi kuka! Ɗiya ta ƙone ta yi shiru, wane irin gida na wanga?"

Ban yi ba. Ita ta yi, hannuna a cikin nata. Tabon yana nan har yau.

Da shi na girma, da sauran waɗanda ba a gani. Idan na shiga ɗaki fuskoki nake fara karantawa kafin in yi sallama. Idan mutum ya yi shiru, na tabbata ni na yi laifi. Maigidana mutumin kirki ne, yana bin motocin albasa zuwa kudu, in ya dawo a gajiye ya zauna bai yi magana ba sai in kama ba shi haƙuri, shi kuma ya rasa na mene ne. Ina koyarwa a wata firamare a Sabon Garin Jega, kuma a kowane aji ina gane irina tun makon farko. Su ne waɗanda ba sa kawo ƙara, waɗanda idonsu ke kan fuskar malama ba kan allo ba. Sauran malamai suna son su ƙwarai, don ba sa ba da wahala.

Gwaggo ba ta yafe wa kanta ba. Ranar da za a kai ni ɗakin miji, maimakon nasihar da aka saba, sai ta ba ni wannan labarin duka, har da ƙafar. Ta ce, "Shekara ukku ina yabon ciwo, ni mai ido. Kuma nid ɗauke ki nib bar ta, ina cewa taimako na. Uwarki ba ƙin ki tay yi ba. Ki riƙe wanga ko da kin manta komi." Na riƙe. Kaina ya yarda da maganar tun ranar, amma jikina bai taɓa yarda ba.

Bana na haihu, mace, 'yar fari. Na je gida wanka. Inna ta tsaya nesa kamar yadda ya kamata, tana aiko da kunun kanwa, Gwaggo kuwa ta sa aka ajiye mata kujera kusa da tukunyar ruwan zafi tana ba da umarni, don yanzu sandar ta zama ta gaske. Na jira abin da mata ke faɗa, wai da ka ga ɗanka sai ka ji zuciyarka ta narke. Ban ji ba. Na ce gajiya ce. Aka yi suna, aka yi sati uku, ban ji ba. Ina yi mata wanka, ina ba ta nono, ina shafa mata mai, kamar an ba ni ajiyar kayan wani. Na gano cewa goyo ya fi mini sauƙi, domin a baya ba sai na ga fuskarta ba.

Ana saura kwana biyu in yi arba'in Gwaggo ta kamo haɓata. Ta daɗe tana kallo.

"Ke ma?"

"Lahiya lau nike, Gwaggo."

"Na ji ta baki." Ta sake ni, ta dubi ƙafarta. "Wagga ƙahwa tana son tashi. In ta tashi ke za ki raka ni Birni."

Na koma Jega. Dangin maigidana suka karɓe ni da yabo, wai sun auro gidan kunya. Sau uku Gwaggo tana sa a kira ni a waya ta ce ƙafa ta matsa mata. Na farko na ce maigida ba ya gari. Na biyu na ce hutuna ya ƙare, ga jarrabawar yara. Na uku ban ɗauka ba, ina kallon wayar tana haske har ta mutu. Ba ƙin zuwa nake yi ba. Tashi in ɗaura zane in fita titi ya zame mini kamar a ce in ɗauki buhun albasa a ka, ga kuma tsoron a gan ni a wancan layin. Kira na huɗu ba ita ba ce, ƙanina ne, ya ce Gwaggo ta kwanta.

Abin da ban gaya wa kowa a wurin makokin ba shi ne 'yata ta fara daina kuka. Da tana neman idona idan tana shan nono, ta yi ta kallo, ta yi ɗan murmushi ta jira. Yanzu takan duba sau ɗaya ta kau da kai. Wata biyar gare ta. Matan da suka karɓe ta ranar rasuwar sun ce ba su taɓa ganin jaririya mai haƙuri irinta ba. Na san wannan yabon, da shi aka raine ni. Kuma na san lissafin: muddin ita kaɗai ce, ba wanda zai ga komai sai kunya. Sai na haifi na biyu asirin zai tonu, lokacin ita ta riga ta koyi tsayawa gefe da fure a hannu. Wadda za ta yi ɗingishi dominmu kuwa ta tafi, bayan ta kira ni sau uku.

Ranar addu'ar uku da la'asar na gudu daga cikin mata na shiga ɗakin Gwaggo. Ƙanshin man gyaɗa yana nan. Sandarta tana jingine a bayan ƙofa. Ina tsaye da goyo sai na ji an ɗaga labule. Inna ce. Ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu kaɗai a ɗaki ɗaya ba. Na matsa in ba ta hanya, ina zaton wani abu ta zo ɗauka.

Ta tsaya a gabana. Ta ɗago hannu ta mayar, ta sake ɗagowa. Sai ta kamo haɓata. Ba ta iya ba, ta riƙe da ƙarfi har na ji zafi. Ta leƙa idona, ni ma na ga nata kusa a karo na farko, ashe ruwan ƙasa ne ba baƙi ba. Sannan ta kira sunana. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta sani ba.

"Lahiya lau nike, Inna," na ce. Abin da bakina ya iya ke nan.

"Haka nic ce ni ma." Ta sake ni. Ta juya ta ɗauki sandar Gwaggo, ta gwada ta a ƙasa. "Ƙahwata ka ciwo. Ranar Litinin ki raka ni Birni."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaga labule ta fita tsakar gida, cikin matan nan duka, tana ɗingishi. Na ji suna tambaya, "Subhanallahi, mi yas same ki?" Na ji ta ce, "Ta daɗe tana damuna. Yau dai tat tashi."

Allah ya jiƙan Gwaggo. Ya yafe mata shekara ukun da ta kasa yafe wa kanta, ya saka mata da kowane taku da ta yi a kan ƙafa mai lafiya. Ya sa idon da ta yi ta leƙawa a fuskokinmu ya zame mata haske a inda take kwance.

Yau Lahadi. Ban ce za ni ba, ban ce ba za ni ba, kuma har yanzu ban ji abin da ake cewa ana ji ba. Amma na kwance goyon. Yarinyar tana kan cinyata ina wannan rubutu, fuskarta na kallon ƙofa. Na kira sunanta sau biyu ba ta juyo ba. Zan sake kira.